Jirgin Gwaji Da Kujera Ta Biyu: Tsokaci Daga Daura

 A makon da ya gabata zumunci ya kai ni Daura. Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a kan dakalin gidan da na sauka, ba nisa da rijiyar Kusugu, sai ga wasu yara uku sun biyo layin suna ja-in-ja a kan abin wasansu. Jirgin sama ne suka haɗa da karan dawa da gwangwanin madara, suka yanka masa farfela daga murfin gwangwanin, suka soke ta da tsinke yadda iska za ta riƙa juya ta. Na kira su, na karɓa ina jujjuyawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne gurabe biyu da suka fafe a gadon bayan jirgin, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na tambayi babbansu dalili. Ya dube ni irin duban da yaro ke yi wa babban da ya tambayi abin da kowa ya sani, ya ce, "Baba, na gaba ai na direba ne. Na baya kuma na yaron jirgi ne, in direba ya tsufa shi zai karɓa."

Na sallame su da 'yan canjin da ke aljihuna, amma maganar ta bi ni har makwanci. Daga tashar mota yaron ya ɗauko ta, inda kowa ya san yaron mota na yau shi ne direban gobe. Bai san ya sosa wa ƙasarsa inda yake mata ƙaiƙayi ba. Don haka yau zan ɗan ajiye batun siyasa da tsadar rayuwa, mu yi maganar jirgin yaƙi mai kujera biyu, yadda aka fara ƙera shi, da abin da ya sa mu da muka taɓa kama hanyar ƙira muka koma sayen abin da wasu suka ƙera.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, jirgin sama bai cika shekara 11 da haihuwa ba, in aka ƙirga daga tashin 'yan gidan Wright a Amurka cikin Disambar 1903. Katako ne da yadi da waya, aka ɗaura masa inji. Aikinsa a fagen daga leƙen asiri ne: mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana duban ƙasa, yana rubuta inda abokan gaba suka ja daga. In jirage biyu na ɓangarori biyu suka yi kiciɓis, sai dai a zaro bindigar hannu a yi ta harbin iska. Kowa ya san maganin shi ne a ɗora babbar bindiga mai aman harsasai, amma farfela tana gaba tana juyawa, wanda duk ya yi harbi ta gaba, farfelar kansa zai fara sarewa.

Kamfanin Vickers na Ingila ya fara neman mafita tun kafin yaƙin. Dabararsa ita ce a mayar da inji da farfela baya, a zaunar da mai harbi a goshin jirgin, matuƙi a bayansa. An baje samfurin farko a wani bikin nune-nune a Landan a farkon 1913, jama'a suka yi ta tururuwa. Da aka zo gwajin tashi, ya faɗi. Kamfanin bai tattara kayansa ya ce ƙaddara ta riga fata ba. Ya ƙera na biyu, ya gyara ya fito da na uku, har aka kai ga na biyar, mai suna F.B.5, wanda ya tashi a 1914, ya isa fagen daga a Faransa a 1915. Shi ma bai daɗe yana cin kasuwarsa ba, domin a wannan shekarar Jamusawa suka fito da jiragen Fokker masu wata na'ura da ke daidaita harbi da juyin farfela, harsashi ya wuce ta tsakanin fukafukanta ba tare da ya taɓa su ba. Nan take jirgin Vickers ya zama tsohon yayi.

A cikin wannan hali ne wani injiniya mai suna Frank Barnwell, na kamfanin ƙera jirage da ke birnin Bristol, ya zauna zane a 1916. Barnwell ya taɓa zama matuƙi a rundunar sojin Ingila kafin a sake shi ya koma teburin zane, saboda haka ya san abin da matuƙi ke gani da abin da ke ɓoye masa. Da farko jirgin leƙen asiri aka nufa, da ƙaramin inji. Ana cikin aikin sai kamfanin Rolls-Royce ya fito da sabon inji mai suna Falcon, mai ƙarfin doki 190. Barnwell bai ji nauyin yage zanensa ba. Ya sake shi daga tushe, ya mayar da jirgin na yaƙi. Ya rataye gangar jikin a tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, yadda fiffiken sama zai zo daidai da idon matuƙi, ya ga sama ya ga ƙasa. Ya ba matuƙin bindiga mai harbi ta cikin farfela. Ya zaunar da mutum na biyu dab da bayansa, suna iya taɓa juna, da tasa bindigar a kan wani zobe mai juyawa, don ya tsare ƙeya.

Samfurin farko ya tashi ranar 9 ga Satumba, 1916. Gwaji ya tona aibin da takarda ta ɓoye: lagireto biyu da aka manna a gefen hancin jirgin suna tare wa matuƙi gani. Aka kwance su, aka sake fasalin hancin gaba ɗaya, aka sa lagireto guda a goshi. Wannan shi ne amfanin jirgin gwaji. Ana ƙera shi ne don ya faɗa wa masu shi inda suka yi kuskure tun kuskuren yana da araha. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma babban gwajin yana gaba. Ranar 5 ga Afrilu, 1917, jirage shida na wannan samfuri suka fita sintirinsu na farko a sararin Faransa, ƙarƙashin jagorancin Kyaftin William Leefe Robinson. Suka yi karo da jiragen Jamus biyar, wanda ke jan ragamarsu kuwa Manfred von Richthofen ne, gwarzon matuƙan Jamus na wannan zamani. Cikin ɗan lokaci aka kakkaɓo huɗu daga cikin shidan, aka kama Robinson. A ce a wata ƙasa ce, da ranar labarin jirgin ya ƙare: a kafa kwamiti, a nemo wanda za a ɗora wa laifi, a rufe masana'anta, a tura wakilai waje sayo wani.

Abin da bincike ya nuna shi ne laifin ba na jirgin ba ne. An koya wa matuƙan su tuƙa shi yadda ake tuƙa tsofaffin jirage masu kujera biyu: a jeru a tafi a miƙe, kada a yi juyi mai tsanani, a bar wa na baya aikin harbi. Daga baya wasu matuƙa suka gane cewa jirgin yana da ƙarfi da saurin juyi kamar mai kujera ɗaya. Suka fara kai farmaki da bindigar gaba, na baya ya zama ido da garkuwa. Cikin 'yan watanni jirgin da aka yi wa dariya ya zama abin tsoro. Ingantaccen samfurinsa, F.2B, yana gudun kusan kilomita 200 a awa. An ƙera fiye da 5,000, kuma rundunar sojin saman Ingila ta ci gaba da amfani da shi har 1932. Shi kuwa Barnwell, a kan sana'arsa ya ƙare: ya rasu a 1938 a haɗarin wani ƙaramin jirgi da shi da kansa ya zana.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe daga nan. Na farko, babu jirgin kirki da ya fito daga zane guda. Na biyu, kujerar baya ta sauya aiki da tafiyar zamani. Ta fara a matsayin mazaunin mai leƙe, ta koma ta mai harbi, a jiragen yau kuma ta zama ta mai sarrafa makamai da na'urori. Amma aikinta mafi daɗewa shi ne wanda yaron Daura ya faɗa: a jirgin horo, kujera biyu na nufin malami da almajiri. Duk matuƙin yaƙi da ka sani, a irin wannan jirgi ya fara, wani na kusa da shi yana riƙe da ragama.

To, mu dawo gida. Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman da Sarkin Daura Abdurrahman, jirage uku na sojin Ingila samfurin DH.9A, su ma masu kujera bibbiyu, suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a Kano. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, an riƙa sauke jirage a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri su nufi Sudan da Masar. Dubbai ne suka bi wannan hanya. Bayan mulkin kai, a 1964, aka kafa Rundunar Sojin Sama ta Nijeriya da taimakon Jamus ta Yamma, a shekarar ce kuma aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a Kaduna da kwalejin horar da matuƙa ta Zariya. Ashe ba a makare muka fara ba.

Shekara uku kacal bayan haka muka ɗanɗana zafin dogaro da wani. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi. Dole aka juya ga Tarayyar Sobiyet, jiragen MiG suka sauka a Kano. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar tafiyar muka fafe namu. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Mayu na 1969, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo wa Biyafara wasu ƙananan jiragen horo guda biyar masu kujera biyu, samfurin MFI-9, aka ɗaura musu rokoki, suka kai hari filayen jiragen sama na Fatakwal da Benin da Enugu. Mai karatu ya riƙe sunan wannan ɗan jirgi, za mu sake haɗuwa da jikansa.

Yunƙurinmu na gaske ya zo a ƙarshen shekarun 1980. Rundunar Sojin Sama tana buƙatar jirgin da zai gaji Bulldog ɗin da ake koyon tuƙi da shi a Kaduna. Maimakon a sayo wani dungurungum, sai aka haɗa kai da kamfanin AIEP da ke Kaduna, mai alaƙa da Dornier na Jamus, aka ɗauko zanen wani ƙaramin jirgi na kamfanin Van's da ke Amurka, mai suna RV-6A, aka yi masa gyare-gyaren da suka dace da aikin horo a nan, aka sa masa suna Air Beetle. Kujera biyu ne gefe da gefe, da inji mai ƙarfin doki 180. An nuna samfurin farko a 1989, shekarar da rundunar ta cika shekara 25. Aka yi odar sassan jirage 60, aka haɗa su a Kaduna, kuma da shi aka yaye matuƙan Nijeriya masu yawa.

Na san masu gatse za su ce ai haɗawa aka yi, ba ƙira ba. Haka ne, kuma babu abin kunya a ciki. Yaron makanike da wankin noti yake farawa. Wanda ya haɗa jirgi 60 da hannunsa ya san yadda ake lanƙwasa fallen alminiyam, ya san yadda ake auna nauyi da daidaito, ya san wace ƙusa ce ke kwancewa bayan awa ɗari a sama, ya san abin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke yi wa inji. Irin wannan sani ba a sayo shi a akwati. Abin kunyar yana inda muka tsaya. Air Beetle bai sami ƙane ba. Babu jirgi na biyu da ya fito daga wannan layi da inji mafi ƙarfi, ko da sassa mafi yawa na gida. Jiragen suka tsufa, waɗanda suka haɗa su suka yi ritaya ko suka kama wasu harkoki, kujerar baya ta zauna babu kowa.

A 2016 muka rattaba hannu a kan sayen jiragen horo goma daga Pakistan, masu suna Super Mushshak. Ga inda labarin ke da ciwo. A tsakiyar shekarun 1970 Pakistan ta fara daidai inda muka fara: ta sayo sassan wani jirgin horo mai kujera biyu daga kamfanin Saab na Suwidin tana haɗawa a gida, ta kira shi Mushshak. Wannan jirgi kuwa daga zuriyar MFI-9 ya fito, ɗan jirgin nan da ya yi yaƙi a sararinmu a 1969. Pakistan ta tashi daga haɗawa ta koma ƙera sassan a masana'antarta ta Kamra. Ta ƙara masa ƙarfi ya zama Super Mushshak. Ta haɗa kai da ƙasar Sin suka fito da jirgin horo mai injin jet, K-8, wanda ya tashi a 1990, sannan jirgin yaƙi na JF-17 da ya tashi a 2003, wanda shi ma daga baya aka yi masa samfuri mai kujera biyu. A 2021 Nijeriya ta karɓi JF-17 guda uku. Pakistan ba ta fi mu zaman lafiya ba, ta sha juyin mulki kamar yadda muka sha, ta sha talauci da bashi. Abin da ta yi shi ne ba ta bar wutar maƙera ta mutu tsakanin gwamnati da gwamnati ba.

Haka labarin Brazil. Makaranta suka fara ginawa, cibiyar koyar da injiniyancin jiragen sama ta ITA, a 1950. Sai da aka shekara 18 ana yaye ɗalibai kafin samfurin jirginsu na Bandeirante ya tashi a 1968, a shekara ta gaba aka kafa kamfanin Embraer. Su ma sun yi haɗa jirgin wasu, wani jirgin Italiya mai kujera biyu da suka sa wa suna Xavante. Sun kuma yi wayo: tun da wuri suka ƙera jirgin feshin gona, Ipanema, don kada masana'antar ta rayu da odar soja kaɗai. A 1980 jirgin horonsu na Tucano ya tashi. Ƙanensa, Super Tucano, shi ne wanda muka sayi 12 a kan kuɗi kusan Dala miliyan 500, aka haɗa su a Amurka, rukunin farko ya iso a Yulin 2021 bayan shekaru ana kai-komo a kan ko Amurka za ta yarda a sayar mana ko ba za ta yarda ba.

Wannan jira ba lissafin takarda ba ne. Mutumin Katsina ya san abin da ake nufi da gari ya kwana yana sauraron ƙarar jirgi bai ji ba. Manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, da matafiyin da ke addu'a kafin ya shiga wasu hanyoyi, su ne ke biyan kuɗin kowane wata da jirgi ya yi a ƙasa yana jiran wani ɗan ƙarfe daga ƙetare. Ba ina cewa jirgi shi ne maganin matsalar tsaro ba. Bam ba ya maye gurbin adalci, ba ya maye gurbin makaranta da aikin yi, kuma abin da ya faru a Rann a Janairun 2017 ya isa ya tuna mana cewa makami a sama ba tare da ingantaccen ido ba masifa ne a kan talaka. Abin da nake cewa shi ne zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya sayar maka da makami yana riƙe da kayan gyaransa, ranar da ya ga dama ya ja igiya.

Adalci ne kuma a faɗi cewa wutar ba ta mutu murus ba. Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna, AFIT, ta ci gaba da hura garwashi. A Disambar 2013 aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma. A Fabrairun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda injiniyoyin rundunar suka yi tare da wani kamfani na ƙasar Fotugal. Har sunayen ma na gida ne. Tambayar da ta dace mu riƙa yi wa hukumomi, cikin ladabi amma ba tare da gajiya ba, ita ce ta Vickers da Bristol: ina na biyu, ina na uku, guda nawa ne ke aiki, matasa nawa aka zaunar kusa da waɗanda suka yi na farko? Mun iya bikin ƙaddamarwa. Ranar da aka yaye ƙyalle, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, mu a wurinmu aiki ya ƙare, alhali a wurin masu ƙira ranar ce ya fara.

Me ya haɗa Daura da wannan zance? Abu biyu. Na farko tarihin da muke tinƙaho da shi. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san Bayajidda ya kashe macijiyar Kusugu. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne, a yadda ake ba da labarin, kafin ya iso Daura sai da ya ya da zango a Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Baƙo ne ya zo da jarumta, amma makamin na gida ne. Da babu zugazugi da uwar maƙera a Gaya, da mutanen Daura sun ci gaba da jiran Juma'a kafin su ɗebi ruwa. Muna tuna jarumin a kowace Sallar Gani, maƙeran kuwa ko sunansu ba mu riƙe ba. Har yau halinmu ke nan: matuƙi da kakinsa shi ne abin sha'awa, mai walda da mai zane ba wanda ke so ɗansa ya gaje su.

Na biyu, Daura ta yau ta sami abin da garuruwa da yawa ba su samu ba. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disambar 2019, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ga asibitin Rundunar Sojin Sama da aka buɗe a 2019. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta nan. Wanda ya jawo waɗannan abubuwa ya koma ga Mahaliccinsa a Yulin 2025, yana kwance a cikin garin. Yanzu ne za a san ko gine-ginen za su zama maƙera ko za su zama abin nuna wa baƙi. Babu wanda zai sake yi wa Daura gata don ɗanta yana kan mulki. Abin da za ta samu nan gaba, da aikin hannun 'ya'yanta za ta same shi.

Ba ina kira a fara ƙera jirgin yaƙi a Daura gobe ba, wannan tatsuniya ce. Kirana ƙarami ne, kuma mai yiwuwa. Jami'ar Sufuri da kwalejin fasaha su ƙulla yarjejeniya ta gaskiya da AFIT da kwalejin Zariya, a riƙa musayar malamai da ɗalibai. A nemo tsofaffin da suka yi aikin Air Beetle, waɗanda Allah Ya bari da rai, a ba su aji da ɗakin aiki, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma kowane ɗayansu da ya rasu bai koyar ba, ɗakin karatu ne ya rufe. A roƙi rundunar ta ba makarantun nan ko da gangar tsohon jirgi guda, ɗalibai su kwance su ɗaura har hannunsu ya faɗa. A sa wa kowane rukunin ɗalibai sharaɗin ƙera wani abu mai tashi kafin su fita, a kuma ware kuɗin faɗuwarsa a cikin kasafi, don kada malami ya ji tsoron a ce ya yi ɓarnar dukiyar gwamnati. Rukunin da ya biyo baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya, ba ya sake sabon lale ba.

A kuma nemi kasuwa irin ta Ipanema. Kusan kowace damina jan-baki na sauka a gonakin gero da dawa da shinkafa a jihohin Arewa, gwamnatoci su yi hayar jiragen feshi. Ƙaramin jirgi maras matuƙi da zai yi feshi, ko ya auna gona, ko ya duba dazuzzuka da kan iyaka daga Kongwalam zuwa Baure, abu ne da ɗalibanmu za su iya kaiwa gare shi cikin 'yan shekaru in an tsaya musu. Masu kuɗin masarautar nan, daga Mai'aduwa zuwa Zango da Sandamu, da ke gasar gina gidajen mai da manyan shaguna, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin ɗakin gwaji guda, sunansa zai fi daɗewa. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, tana da abin da kuɗi ba ya saye, wato girmamawa. Ranar da aka ga matashin da ya ƙera inji an kira shi gaban Sarki an sa masa alkyabba, iyaye za su sauya lissafi.

Basira ba ta ƙare mana ba. A 2007 duniya ta ji labarin wani ɗalibi a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Irinsa suna nan a kowace unguwa, a garejin makanikai da rumfunan masu gyaran waya. Abin da suke rasa shi ne babban da zai zaunar da su kusa da shi, da hukumar da za ta jure faɗuwarsu ta farko da ta biyu. Barnwell ya samu duka biyun, shi ya sa jirginsa ya tsallake ranar 5 ga Afrilu. Masu Air Beetle sun sami rabin ɗaya.

Washegari da zan bar Daura na sake ganin yaran a bakin layi. Fiffike ɗaya ya karye, ga alama sun cilla shi daga kan katanga don su ga ko zai tashi. Suna tsugune sun kewaye shi, babban yana fere sabon kara, ƙaramin yana riƙe masa, suna gardama a kan ko fiffiken ne ya yi gajarta ko gwangwanin ne ya yi nauyi. Ban ce musu komai ba, na wuce tasha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan sun riga sun tanƙwaru ta inda ake so. Saura mu manya.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.